Motar Gado da Ciwon Wayarin: In Biya Kuɗin Kamfani Ko In Ci Gaba da Faci?

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna. Ina da mota ƙirar 2004 wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya 'yar Kwatano, daga baya ta faɗo cikin rabona na gado. Injinta lafiya lau, giya ma haka, amma shekara biyu ke nan wayarin ya hana ni sakat. Idan ta kwana biyu ba a tashe ta ba sai batir ya mutu. Na sayi sabon batir har sau biyu, an kuma canza altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji. Da damina abin ya fi tsananta, domin fitilun dashbod sai su riƙa kawowa suna ɗaukewa, gilashin ƙofar direba ya ƙi sauka, makullan ƙofofi su riƙa buɗe kansu. Watan jiya ta mutu wa maiɗakina da yara kusa da gadar Kawo bayan isha'i ana tsuga ruwa, tun daga ranar ta ce ba za ta ƙara shigarta ba, a sayar kawai.

Mai yi mana wayarin dattijo ne, aminin mahaifina, Baba nake ce masa, sau da yawa ma ba ya karɓar kuɗin aiki. Duk zuwa sai ya yanke waya ya ɗaura wata ya naɗe da salatif, ta yi mako uku ciwon ya dawo. Da wani fis ya ishe shi da ƙonewa sai ya naɗa siririyar waya a madadinsa. Na saci jiki na kai ta kamfanin dillancin irin motar, suka jona mata kwamfuta, suka ce sai an canza babban damin wayoyinta gaba ɗaya tare da ƙwaƙwalwar da ke kula da fitilu da ƙofofi. Kuɗin ya kai albashina na wata biyar, kusan rabin abin da motar za ta yi a kasuwa, kuma sai an jira kaya daga waje. Ga kuɗin makarantar yara ya ƙarato. Ina jin kunyar Baba, ina jin nauyin sayar da abin da mahaifina ya bari, maiɗakina kuma tana ganin taurin kai nake yi. Yaya zan yi?

Daga wani mai karatu, Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa, ya kuma saka maka da alheri bisa mutunta amininsa da kake yi. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kafin mu shiga maganar kuɗi ko ta kunya akwai abu guda da nake so ka yi tun yau, wato ka cire wayar nan da aka naɗa a gurbin fis. An ƙera fis ne domin ya ƙone a madadin wayoyin mota idan wuta ta wuce ƙima, don haka duk ranar da aka maye gurbinsa da waya, ko aka sa wanda ya fi ƙarfin wurin, to an ɗauke ƙonewar daga abu mafi araha a motar an mayar da ita cikin damin wayoyin da ke bayan dashbod, inda ba wanda zai gani sai hayaƙi ya tashi. Ka duba murfin akwatin fis ɗin ko littafin motar, za ka ga adadin da ya dace da kowane gurbi. Launi ma yana nunawa: a irin masu ƙafa biyu da yawancin motoci ke amfani da su, ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore kuma 30. Ka mayar da daidai wanda aka rubuta. Idan ya sake ƙonewa ka bar gurbin haka nan, gara gilashi ya ƙi sauka da mota ta kama wuta da iyali a ciki.

Abin da na lura da shi a labarinka shi ne, a tsawon shekara biyun nan an yi ta canza kaya ana yanke waya, amma har yanzu ba wanda ya ɗora yatsa a kan wuri guda ya ce ga inda ciwon yake, ga kuma awon da ya tabbatar da hakan. Baba yana bin alamar da ta bayyana a ranar ya toshe ta, kamfani kuma yana so ya kwashe duk abin da ake zargi ya zuba sabo, kai kuwa an bar ka kana zaɓe tsakanin gyaran gangar Auzinawa da bashin da zai hana ka barci, alhali akwai mataki na tsakiya da ba a taka ba. Batir biyun da ka saya ma da wuya a ce laifinsu ne. Batirin mota ba ya jure a riƙa zuƙe shi har ƙasa. Idan wani abu yana shan wuta da dare, sabo ma zai lalace cikin 'yan watanni, sai a ce maka ka sayi jabu, ka sake sayen wani ka miƙa wa ɓarawon da ba a kama ba.

Motar da ta haura shekara ashirin, robar da ta lulluɓe wayoyinta ta sha zafin inji da zafin rana har ta bushe, tana tsagewa da ɗan motsi kaɗan. Ƙari a kan haka, yawancin motocin da suka shigo mana ta Kwatano sun yi ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana shiga soket-soket yana cin jan ƙarfen da ke ciki a hankali, sai bayan shekaru ka buɗe ka tarar da wani koren gari a bakin fil ɗin. Wasu ma ambaliya ce ta taɓa shanye su a can kafin a wanke a loda su a jirgin ruwa. Idan sun iso nan sai ƙurar hunturu ta cika haɗe-haɗen wayoyin, damina ta zo ta jiƙa ƙurar ta zama laka mai riƙe danshi, ɓeraye su samu mafaka a ƙarƙashin bonet su ɗanɗana abin da suka tarar, masu wankin mota kuma su juya bakin tiyo mai ƙarfi kan inji domin ya yi sheƙi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana yin ɓarnarsa ne a wani taƙamaiman wuri, shi ya sa ba kasafai dami gaba ɗaya yake mutuwa a lokaci guda ba.

Ba zan yanke wa motar da ban gani ba hukunci daga nesa, amma alamomin da ka zayyana suna nuna inda ya kamata a fara dubawa. Ciwon da ke tashi da damina ya lafa da rani, ruwa yake nema. Tsakanin gilashin gaba da bonet akwai kwararo mai ramukan fitar da ruwa, kuma duk wanda ke ajiye mota a ƙarƙashin darbejiya ya san yadda ganye ke cika shi. Idan ramukan suka toshe, ruwan sama yakan bi ta mashigar iskar na'urar sanyaya mota ya sauka a ƙarƙashin kafet. Haka ma idan bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyayawar ya toshe, ko magudanan rufin sama ga motar da ke da rufi mai buɗewa. A motoci da dama kuwa, a nan ƙasan dashbod ko ƙarƙashin kujera aka ajiye ƙwaƙwalwar da ke kula da fitilu da makullai, tare da manyan soket-soket ɗin da suka haɗa gaba da baya. Ka ɗaga kafet ɗin gaba na ɓangarorin biyu ka tura hannu ka taɓa soson da ke ƙasansa, domin saman kafet yana iya bushewa sarai alhali ƙasansa sharkaf yake. Idan ka ji danshi ko warin ruma, ka samu bakin zaren da kanka ba tare da ka biya ko sisi ba.

Batun gilashi da makullai kuma yana tuna mini robar nan mai kama da zuga-zugi da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wadda wayoyin ƙofa ke bi ta cikinta. Ƙofar direba ita ce aka fi buɗewa, kuma duk buɗewa sai wayoyin sun lanƙwashe, har wata rana jan ƙarfen ya karye a ciki ko robar ta tsage waya ta taɓa 'yar'uwarta. Wannan shi kaɗai ya isa ya riƙa ƙona fis, ya kuma sa ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka ana taɓa makulli, ta ƙi yin barci da dare, ta kwana tana shan batir. Sai kuma wayoyin nagetif, waɗanda aka ɗaure daga batir zuwa jikin mota da kuma inji. Duk wutar da ta fita ta nan take komawa, don haka idan mazauninsu ya yi tsatsa ko noti ya saki, abubuwan da ba su da wata alaƙa da juna sai su riƙa hauka tare, mota ma tana iya mutuwa a kan hanya ta kuma tashi bayan minti goma kamar ba ita ba. Gyaran wannan bai wuce kwancewa, gogewa da ɗaurewa ba.

Ba ka faɗa mini ko an ƙara wa motar wasu kaya ba, amma da wuya a samu motar da ta yi shekaru a Kaduna ba a sa mata na'urar bibiya, ko ƙararrawar ɓarayi, ko sabuwar rediyo, ko fitilu masu ƙarin haske ba. Masu sa waɗannan kayan sukan fere waya su murɗa tasu a kai su naɗe, wasu na'urorin bibiyar ma ana yanke wayar famfon mai ko ta makulli ne a bi da ita ta cikinsu domin a iya kashe motar daga nesa. Idan tsohuwar na'ura irin wannan ta fara lalacewa, ita ce ta farko da zan zarga da mutuwar da motar ta yi wa iyalinka a Kawo. Ka tuna ko marigayi ya taɓa sa wata, ka kuma tambayi Baba, domin shi ne ya fi kowa sanin tarihin motar.

Game da Baba, ina roƙonka kada ka ɗauke shi maha'inci ko marar sanin aiki. Kaduna gari ne da ya yaye masu gyaran mota na gaske. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, dubban mutane sun koyi sana'a a jikin 504, motar da aka ci gaba da harhaɗawa a nan har bayan shekarar 2000. A irin waɗannan motocin waya ɗaya aiki ɗaya take yi, daga makunni zuwa fitila, kuma mutum da fitilar gwajinsa da kaifin idonsa yana iya bin ta daga farko har ƙarshe. Motocin da suka biyo baya, musamman daga ƙarshen shekarun 1990, an gina su ne a kan ƙananan kwamfutoci masu aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, ta yadda idan ka danna maɓallin gilashi, saƙo ne ke tafiya wurin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni. Dabarun da suka yi aiki shekara talatin, irin su huda waya da tsinken fitilar gwaji, ko cire kan batir mota na aiki domin a gwada altaneta, a irin wannan motar ɓarna suke yi: hudar tana buɗe wa ruwa ƙofa, cire kan batir kuma yana iya ƙona ƙwaƙwalwar. Salatif ɗin ma, manninsa yana narkewa da zafi ya warware, wanda hakan ya yi daidai da mako ukun da ka ce gyaran yana yi. Zamani ne ya sauya wa Baba mota a hannu, niyyarsa kuwa ba ta sauya ba.

Shi ma kamfanin ba lallai ba ne cutarka yake son yi, ko da yake lissafinsa ba naka ba ne. Tsarin manyan garejin dillalai shi ne su canza kaya maimakon su yi faci, saboda su ne za su ɗauki alhakin aikin idan ya dawo, kuma ba wanda ke son ba da garanti a kan tsohuwar wayar da hannu goma suka taɓa. Canza babban dami yana buƙatar a sauke dashbod, a ɗaga kujeru da kafet, aikin kwanaki ne kuma da awa suke lissafa shi. Kayan daga waje ake odarsu da kuɗin ƙetare, kuma kowa ya san yadda farashin irin waɗannan kaya ya koma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, sannan a ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari. To amma ka fahimci iyakar abin da kwamfutar nan ke faɗa. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motoci mashigar binciken da ake jona kwamfutar a ciki, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, sai dai abin da na'urar ke fitarwa lambobi ne masu cewa an samu tangarɗa a layi kaza, ko an daina jin ƙwaƙwalwa kaza. Ba ta nuna ko ƙwaƙwalwar ce ta mutu, ko soket ɗinta ne ya jiƙe, ko wayar da ke ba ta wuta ce ta karye. Wannan sai mutum ya sunkuya da mita ya auna. Idan kuwa ruwa ne ke shiga, aka zuba sabon dami da sabuwar ƙwaƙwalwa ba a toshe mashigarsa ba, damina biyu ta isa ta mayar da kai inda ka fito, albashin wata biyar ya bi ruwa.

Tun da ka riga ka biya kuɗin bincike, kana da haƙƙin ka koma ka nemi su ba ka takardar lambobin da kwamfutar ta fitar, tare da lissafi a rubuce wanda ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki da lambar kowane kaya. Ka tambaye su cikin ladabi wane awo suka yi da ya nuna damin ya lalace, a wane wuri, ko ana iya canza ɓangaren ƙofa ko soket kaɗai, da kuma tsawon garantin da za su rubuta maka. Amsar da za su ba ka za ta nuna maka ko bincike suka yi ko kintace. Ka kuma ba su lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17 su duba ko masu ƙera ta sun taɓa yin kiranye, wato kiran a dawo da motoci a gyara, a kan wani lahani na wuta a wannan ƙirar. Idan daga Amurka ta fito, kai ma kana iya sa lambar, ko sunan ƙirar da shekararta, a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ka gani kyauta. Ko ba a gyara maka kyauta a nan ba, sanin lahanin da aka san ƙirar da shi yana taƙaita nema ƙwarai.

Da waɗannan takardun a hannu sai ka nemi mai wayarin na zamani mai zaman kansa, kuma suna nan a garin nan, wasunsu ma a manyan kamfanonin suka koyi aiki kafin su buɗe nasu. Ka tambayi masu irin motarka, ko shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a yankinku. Alamar wanda za ka amince da shi ita ce yana da mita, yana da zanen wayarin na ƙirar motarka a waya ko kwamfuta, kuma zai yarda ka biya shi kuɗin bincike daban kafin a yi maganar sayen komai. Kada ka yi ƙyashin wannan kuɗin, domin irin wannan awon ne kaɗai ba a taɓa yi wa motar ba a shekara biyun nan. Ka tsaya a wurin ka gani da idonka. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6, idan inji na aiki kuma ya kamata ya kasance tsakanin 13.5 da 14.7. Daga nan zai kashe motar, ya jona mita tsakanin kan batir na nagetif da wayarsa, a rufe komai a jira kamar rabin awa har kwamfutocin su yi barci. Abin da motar ke sha a wannan hali bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba. Idan ya wuce, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa adadin ya faɗi, a nan ne aka kama layin ɓarawon. Sauran gwaje-gwajen masu sauƙi ne: a girgiza damin wayoyi da hannu mota na aiki a ga inda fitilu za su ƙyafta, a auna wutar da ke ɓacewa a wayoyin nagetif, a kuma zuba ruwa da bokiti a kan gilashin gaba wani yana ciki yana leƙen ƙasan dashbod. Kai kuma daga yau ka riƙa rubuta ranar da kowace matsala ta taso, ko an yi ruwa, ko bayan wanki ne, ko a kan gargada, domin ciwon da ke zuwa yana tafiya ya fi son ya ɓuya ranar da aka kai shi gareji.

Idan an gano wurin, ka sa ido a kan yadda za a yi gyaran. A warware duk tsofaffin faci, a yanke ruɓaɓɓen ɓangaren har inda jan ƙarfen yake sheƙi, a sa wayar mota mai silili da yawa kuma mai kaurin ta asali. Kada a kusanto da wayar gida mai sili ɗaya, wadda girgiza ke karyawa, ko wayar nan mai araha da cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. A haɗa da dalma ko da matsewar ƙarfe, a rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Wayoyin jakar iska, waɗanda galibi soket ɗinsu rawaya ne, ba a yi musu faci kuma ba a taɓa su da fitilar gwaji. Idan wani ɓangare ya wuce gyara, kamar damin ƙofa ko ita ƙwaƙwalwar, ana samun na hannu a kasuwar Panteka, amma da sharaɗi: lambar kayan ta yi daidai da taka, domin mota ɗaya shekara ɗaya tana iya bambanta tsakanin ta Turai da ta Amurka, kuma ka yi yarjejeniyar mayarwa idan bai yi ba. Ka sani kuma wasu ƙwaƙwalen sai an daidaita su da makullin motar kafin ta tashi, don haka a tambayi wannan tun kafin a biya. Babban dami na hannu kuwa ba na ba ka shawararsa sai dole, saboda sa'an naka ne a shekaru, kana iya sayo ciwon wani ka ɗora a kan naka.

Yanzu sauran mai wuyar, wato yadda za ka yi da Baba. Kada ka ci gaba da satar jiki, domin Kaduna ba ta da girman da za a ɓoye mota, kuma ya ji a bakin wani ya fi yi masa ciwo a kan ya ji daga gare ka. Ka je gidansa, ba gareji ba, ka riƙe ɗan abin gaisuwa, ka ce masa: "Baba, motar nan ta mutu wa iyali da dare, hankalina ya tashi. An ce ciwon nata na kwamfuta ne, ina so in kai a auna ta, amma ban so in yi ba tare da saninka ba. Ko akwai wanda ka yarda da shi?" Da wannan ka bar masa girmansa, kuma kada ka yi mamaki idan ya ce akwai wani yaronsa da ya yaye wanda ya ƙware a irin wannan aikin. Mai yiwuwa ma ka sauke masa nauyi ne, domin dattijon da yake ganin motar amininsa tana dawowa kowane wata, ba ya karɓar kuɗi, shi ma kunya ce ta hana shi cewa abin ya fi ƙarfinsa. Ƙananan ayyuka irin su ƙwan fitila, hon da sitata ka ci gaba da kai masa, kuma ka riƙa tilasta masa karɓar haƙƙinsa, saboda aikin kyauta shi ne ke ɗaure harshen mutum ya kasa cewa bai gamsu ba.

Maiɗakinka kuwa tana da gaskiya fiye da yadda wasiƙarka ta ba ta. Mace da yara a bakin titi da dare cikin ruwa, wannan tsoro ne da ba ya gushewa don an ce mata an gyara. Kada ka nemi ta sake shiga motar yanzu, kuma kada ka mayar da maganar gardama a kan ƙaunar mahaifinka, domin ba abin da take ja da shi ke nan ba. Ku zauna tare, ka fara ware kuɗin makarantar yara gefe guda inda mota ba za ta taɓa shi ba, sannan ku tsayar da iyaka: ga adadin da za a kashe a kan bincike da gyara, a ganina kada ya wuce albashin wata ɗaya, ga kuma wa'adin da za a ba motar ta nuna ta warke. Bayan gyara kai kaɗai za ka riƙa hawanta da rana a cikin gari, har ta ga ruwan sama da yawa ba ta yi tari ba. Idan ta ci wannan jarrabawar sai ka gayyaci iyali. Idan ta faɗi, ko bincike ya nuna ruɓewar ta bazu ko'ina kamar yadda ake gani a motocin da ambaliya ta taɓa shanyewa, to ka cika alƙawari ka sayar, domin zuba rabin kuɗin mota a cikin motar da ba za ta ƙara daraja da ko kwatan abin da aka zuba ba asara ce a fili, sai fa ga wanda yake da rarar da ba ta da aiki.

Na san nauyin da kake ji game da abin da mahaifi ya bari, kuma ban raina shi ba. Amma marigayin ya sayi motar ne domin ta kai iyalinsa inda za su lafiya, kuma idan ta kai ga sayarwa, kana iya cire wani abu daga kuɗin ka yi masa sadaka, wadda za ta isa gare shi ta hanyar da ƙarfe ba zai isa ba. Sai dai ka bayyana wa mai saye aibinta dalla-dalla, ka miƙa masa takardun binciken, ko da hakan zai rage farashi, domin ɓoye aibin kaya haramun ne, balle aibin da zai iya tayar da gobara.

Kafin ka samu mai binciken, ka riƙa cire kan batir na nagetif idan motar za ta kwana, wanda zai tsare batirin ya kuma kawar da haɗarin wuta cikin dare, sai dai ka tabbata kana da lambar sirrin rediyon idan irin mai nema ce. Ka share ganyen da ke kwararon gaban gilashi, ka hana masu wanki watsa wa inji ruwa, ka duba abin kashe gobarar da ke cikin but ka tabbata allurarsa tana kan kore, ka kuma dawo da shi kusa da kujerar direba. Idan an yi awon, ka rubuto mini adadin da mitar ta nuna, da fis ɗin da ya sa ya faɗi, da abin da ka tarar a ƙarƙashin kafet, mu duba tare kafin ka saki kuɗin kowane kaya. Ka gaishe mini da Baba da mutanen gida.